GARGAƊI GA MASU CIWON SUKARI A ƘETAREN KOGIN KADUNA: Idan Sukari Na Motsi, Jinin Yatsa Kaɗai Ake Gwadawa

Wannan kira ne ga duk mai ciwon sukari da ke gwada jininsa a gida, da duk mai jinyar uwa ko uba, miji ko mata, tun daga Kakuri, Makera, Nasarawa da Kudenda har zuwa Barnawa, Narayi, Television, Unguwar Romi, Sabon Tasha da Gonin Gora. Duk lokacin da kuke zaton sukari ya sauka, ko yana cikin sauka, ko yana cikin hawa, kada ku ɗebi jinin gwaji a ko'ina sai a yatsa. Jinin da aka ɗiba a sangalin hannu, ko damtse, ko cinya, ko sharaɓa, yana iya nuna muku lamba mai kwantar da hankali alhali sukarin da ke isa ƙwaƙwalwa ya riga ya faɗi warwas. Jinkirin yana kaiwa rabin awa, kuma rabin awa ya ishi mutum ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar titi.

Abin da ke korar mutane daga yatsa

Babu mai ganin laifin wanda ya gaji da huda yatsa. Mai allurar insulin da likita ya ce ya riƙa gwaji sau uku ko huɗu a yini, kafin shekara ta zagayo ya huda yatsunsa fiye da sau dubu. Bakin yatsa kuwa cike yake da jijiyoyin jin zafi. Ga tela da ke riƙe allura tun safe, ga mai kitso, ga bakanike da hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai, ga mai wanki da sabulu ke shiga masa kowace kafa. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Yatsun nan sun gama hujewa," ko "Ni dai na gaji da tsire-tsiren nan." Daga nan sai wani ya kawo shawara, ko a gani a waya: ai ana iya gwadawa a hannu ko a cinya, can babu zafi.

Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, kuma nan haɗarinta yake. Akwai na'urorin gwajin da aka ƙera su karɓi jini daga tafin hannu, sangalin hannu, damtse, cinya ko sharaɓa. Sai dai wannan izini yana tafe da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne ake yarwa a hanya idan maganar ta bi baki zuwa baki. Mutum ya ji rabin magana ya yi aiki da ita, garin neman gira ya rasa ido.

Me ya sa lambobin ke saɓawa?

Ƙananan hanyoyin jini sun yi cunkoso a bakin yatsa, kuma jini yana gudu a wurin da sauri ninkin-ba-ninkin yadda yake gudu a ƙarƙashin fatar sangalin hannu ko cinya. Saboda haka duk canjin da ya faru a sukarin jiki, yatsa ne ke fara nuna shi. Kamar ruwan Kogin Kaduna ne da damina: yakan cika ya tumbatsa a wajen Unguwar Rimi tun mutumin da ke tsaye a bakin ruwa a Kudenda bai ga komai ba. Idan sukari na zaune wuri ɗaya, kamar da asuba kafin a ci komai, yatsa da hannu sukan faɗi kusan abu guda. Da zarar ya fara gudu, sama ko ƙasa, sai su rabu.

An auna wannan, ba zato ba ne. A shekarar 2002 wasu masu bincike biyu a birnin Dusseldorf na ƙasar Jamus, Karsten Jungheim da Theodor Koschinsky, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan masu ciwon sukari 17 a mujallar Diabetes Care. Sun ɗaga sukarinsu da sauri, suka saukar da shi da insulin, suna gwada yatsa da sangalin hannu a lokaci guda. Kafin a ci komai, lambobin sun yi kusa da juna. Amma da sukari ya fara gudu, sangalin hannu ya riƙa biyo bayan yatsa da kimanin minti 35, kuma yayin saukar tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan maki 90. Murza fatar hannun kafin a huda ya rage tazarar, amma ba a kowane mutum ba, ba kuma a kowane lokaci ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma, wato FDA, tana gargaɗin masu irin waɗannan na'urori da su koma yatsa duk lokacin da sukari ke saurin canzawa ko ake zaton ya sauka.

Ga yadda abin ke faruwa

Mu ɗauki misalin direban Keke mai ɗaukar fasinja daga garejin Television zuwa Sabon Tasha. Ya yi allurarsa da safe, ya kurɓi koko, ƙosan ma bai tsaya ya ƙarasa ba saboda layinsa ya zo. Wajen ƙarfe goma sai ya ji zufa tana tsattsafo masa, hannu na ɗan rawa a kan kambun Keke. Mutum ne mai kula, sai ya gangara gefen titi ya fito da na'urarsa. Yatsunsa na ciwo, sai ya naɗe hannun riga ya huda sangali. Na'ura ta nuna 110. Ya ce alhamdulillahi, zafin rana ne kawai, ya ɗebi mutum huɗu ya hau titin Kachia. Da yatsa ya gwada, mai yiwuwa 60 zai gani, kuma tana ci gaba da sauka. Bayan minti goma ido ya fara dishi-dishi, tirela na tafe daga wajen matatar mai, shi kuwa ya kasa tuna inda birki yake. Na'urarsa ba ta lalace ba, tsinken gwajin ma lafiyarsa lau. An tambaye ta ne a wurin da labari bai iso ba tukuna.

Kuskuren yana kuma zuwa ta ɗaya gefen. Uwa ta ci tuwon shinkafa, bayan awa ɗaya ɗiyarta ta gwada mata a damtse, aka ga lamba mai kyau, aka rubuta a littafi. Ranar asibiti likita ya duba littafin ya ga komai daidai, ya bar magani yadda yake, alhali sukarinta yana tashi sama bayan kowane cin abinci, yana cin idanu da ƙoda a ɓoye.

Lokutan da ba a barin yatsa ko da yana ciwo

1. Idan kun ji alamar faɗuwar sukari: karkarwa, zufa mai sanyi, faɗuwar gaba, yunwa mai tsanani, jiri, ciwon kai, ganin dishi-dishi ko saurin fushi ba dalili.

2. Cikin awa biyu bayan cin abinci ko shan abu mai zaƙi.

3. Cikin awa biyu bayan allurar insulin, da duk lokacin da allurar ke kan ganiyar aikinta.

4. Lokacin aikin ƙarfi da bayansa: noma, dako, gini, doguwar tafiya a ƙasa, ƙwallo ko atisaye.

5. Kafin a tuƙa mota, babur ko Keke, da kafin a hau gini ko a kama injin da ke iya yanka.

6. Lokacin rashin lafiya, musamman zazzaɓin cizon sauro, amai ko gudawa. Maleriya mai tsanani tana saukar da sukari, haka ma maganin kwinin.

7. Lokacin azumi, na watan Ramadan ne, ko na kwana arba'in kafin Ista, ko wanda coci-coci ke yi a farkon shekara.

8. Bayan shan giya ko burukutu. Barasa tana hana hanta sakin sukarin da ta tanada, kuma faɗuwar tana iya zuwa cikin dare, mutum na barci.

9. Idan mace na da juna biyu.

10. Idan mutum yana cikin waɗanda sukarinsu ke faɗuwa ba tare da sun ji alama ba. Wannan yakan sami waɗanda suka daɗe da ciwon da kuma tsofaffi. Su kam yatsa ne kullum. Haka ƙaramin yaron da bai iya faɗin abin da yake ji ba.

11. Duk lokacin da lambar da kuka gani ba ta yi daidai da yadda kuke ji a jiki ba. Ku sake gwadawa a yatsa, kuma ku yi aiki da abin da yatsa ya faɗa.

Masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, da glimepiride da gliclazide, su ne suka fi shiga wannan haɗari, domin magungunan nan suna iya tura sukari ƙasa fiye da kima. Mai shan metformin shi kaɗai ba kasafai sukarinsa ke faɗuwa haka ba, amma shi ma lambar bayan cin abinci a yatsa zai neme ta.

Inda aka yi sassauci

Ana iya gwada wani wuri idan abubuwa huɗu sun haɗu. Na farko, takardar da ta zo cikin kwalin na'urarku ta ambaci wurin da sunansa. Ko Accu-Chek ce, ko On Call Plus, ko Fine Test, ko wata, kada ku ɗauka abin da aka yarda wa ta maƙwabci an yarda wa taku. Idan takardar ta ɓata ko ba ku iya karanta ta ba, ku kai na'urar asibiti a duba muku. Na biyu, likita ko nas mai kula da ku ta amince. Na uku, sukari yana zaune: da asuba kafin karin kumallo, ko dab da cin abinci, bayan an yi fiye da awa biyu ba a ci ba, ba a yi allura ba, ba a yi aikin ƙarfi ba. Na huɗu, jikinku garau yake.

A cikin wuraren nan, tudun tafin hannu, wato naman da ke gindin babban yatsa ko wanda ke ƙarƙashin ɗan ƙaramin yatsa, shi ya fi kusa da yatsa wajen faɗin gaskiya. Galibi akwai murfi na musamman mai garai-garai da ake sa wa alƙalamin huda don wannan aiki. Ku murza wurin har ya yi ɗumi, ku kauce wa jijiyar da ake gani, da tabo, da wurin gashi. Ku tsaya a wuri ɗaya, kuma ku rubuta a littafinku inda kuka ɗebi jinin, don likita ya san irin lambar da yake karantawa.

Ƙafa kuwa, kada a kusance ta

Wasu idan yatsun hannu suka gaji sai su koma yatsun ƙafa ko diddige, wai ai can ba sa jin zafi. Rashin jin zafin nan shi ne ciwon. Sukari yana kashe jijiyoyin ƙafa, yana rage gudun jini zuwa can, har ɗan ƙaramin huji ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Gyambon ƙafa shi ne babbar hanyar da ke kai masu ciwon sukari ga yanke ƙafa. Huda diddige da kuke gani a asibiti na jarirai sabbin haihuwa ne, kuma ma'aikatan lafiya ne ke yi. Babba mai ciwon sukari ba ya kai allura ƙafarsa, ko sau ɗaya.

Yadda za a rage zafin yatsa

Mafi yawan zafin daga yadda ake hudawar yake. Ku wanke hannu da sabulu da ruwa mai ɗumi, ku goge ya bushe sarai. Wannan wanki ba na tsafta kaɗai ba ne: wanda ya ɓare lemu, ya sha mangwaro ko rake, ko ya taɓa dabino, zaƙin da ya rage a fatarsa yana iya ɗaga lambar sama sosai, har ya ƙara allurar da ba ya bukata. Da hunturu, idan hannu ya yi sanyi ƙalau, ku murza tafukan da juna, ku saki hannun ya yi lilo a gefen jiki na ɗan lokaci don jini ya sauko.

Sannan ku duba yatsan. Kada ku huda tsakiyar tudun da kuke taɓa abu da shi, kada kuma ku matsa jikin farce. Gefen bakin yatsa ake hudawa, dama ko hagu. Kowane yatsa yana da gefe biyu, kun ga ke nan akwai wuri ashirin da za a riƙa zagayawa. Mai sana'ar hannu yana iya hutar da babban yatsa da manuni ya yi ta juya sauran. Alƙalamin huda yana da lambobi a wuyansa: ku fara da ƙarama, ku ƙara sai idan jini ya ƙi fitowa. Ku canza 'yar allurar a kowane gwaji, domin wadda aka maimaita bakinta ya dakushe, yaga fata take yi. Idan ɗigon ya yi kaɗan, ku shafo yatsan a hankali daga gindi zuwa baki, ban da matsa mai ƙarfi. Idan kun goge da sifirit, ku jira ya bushe.

Kada mutum biyu su yi tarayya a allura ɗaya ko alƙalamin huda ɗaya, ko da mata da miji ne. Ciwon hanta nau'in B yana bin ɗan jinin da ido ba ya gani. Tsinken gwaji kuma ba ya son zafi da laima: kada a bar shi a aljihun mota ko a taga da zafin Maris da Afrilu, a rufe kwalbarsa da zarar an zaro ɗaya, a duba ranar ƙarewar aikinsa kafin a biya kuɗi.

Ku san lambobin nan kamar sunanku

Ƙasa da 70 sukari ya faɗi. Ƙasa da 54 haɗari ne babba. Wasu na'urorin, musamman waɗanda 'yan'uwa ke aikowa daga Ingila, suna lissafi da wani ma'auni dabam mai ƙananan lambobi: a wurinsu 3.9 shi ne 70, kuma 3.0 shi ne 54. Idan na'ura ta rubuta LO, sukarin ya yi ƙasa har ta kasa ƙirga shi.

Idan sukari ya faɗi kuma mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ko na zuma, ko rabin kwalbar lemu mai sukari. A jira minti 15 a sake gwada yatsa. Idan bai kai 70 ba a maimaita. Da ya hau, ya ci abinci mai riƙe ciki. Idan alamun sun bayyana kuma babu na'ura ko tsinke ya ƙare, a ba shi sukarin kawai, kada a tsaya neman gwaji. Mai azumi ya karya nan take. Ƙa'idar likitoci ita ce a sha ruwa idan sukari ya gaza 70 ko ya haura 300, kuma malamai sun bayyana cewa ɗigon jinin gwaji ba ya karya azumi.

Idan kuwa ya suma, ko yana jijjiga, ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa: Asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard da ke Kakuri, ko Babban Asibitin Sabon Tasha. Idan akwai bukatar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a ƙetaren gada, su za su tura. Da isa, a faɗa wa ma'aikata cewa mai ciwon sukari ne, a nuna musu magungunansa. Mai faɗuwar sukari yakan yi magana kamar mashayi, ya yi fisge-fisge kamar mai iska. Kada a tsaya yi masa faɗa, kada a ɓata lokaci ana turare. A yi addu'ar a cikin mota, a kan hanyar asibiti. Wanda ƙwayoyi irin su Daonil suka saukar wa sukari, ko ya farfaɗo a gida a kai shi a duba, domin maganin yana daɗewa a jiki kuma sukarin yana iya sake faɗuwa.

Masu na'urar mannawa a damtse

Akwai 'yar na'urar da ake mannawa a bayan damtse, irin FreeStyle Libre, mai kwana 14 tana aiki. Tana da amfani ƙwarai, amma ba jini take aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, shi ma yana biyo bayan jini da 'yan mintuna. Duk mai ita ya ajiye na'urar yatsa a kusa, ya koma gare ta idan abin da yake ji ya saɓa da abin da waya ta nuna.

Kira ga masu faɗa a ji

Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya kusan miliyan 3.6 ne ke da wannan ciwo a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Wanda ya sani, ya sayi na'ura da guminsa, yana sayen tsinke a wannan tsadar rayuwa, bai kamata rabin bayani ya kai shi ƙasa ba.

Masu kemis, kada ku miƙa na'ura ku karɓi kuɗi kawai. Ku buɗe kwalin, ku nuna wa mai saye gefen yatsa, ku gaya masa lokutan da ba a barinsa. Nas-nas da likitoci, ku riƙa tambayar majinyaci a ina yake ɗibar jinin, ku kama hannunsa ku duba yatsun. Limamai da fastoci, ku ba wannan magana minti biyu bayan sallar Juma'a da kuma ranar Lahadi, musamman idan azumi ya gabato. Shugabannin direbobi da 'yan Keke, ku faɗe ta a tasha. 'Ya'ya masu gwada wa iyaye, tausayin yatsan Mama ko Baba kada ya sa ku koma damtse a lokacin da jikinsu ke rawa.

Zafin huda yatsa na daƙiƙa ɗaya ne, faɗuwar sukarin da ba a gano ba kuwa tana iya tafiya da rai. Duk wanda ya karanta wannan ya isar wa mai ciwon sukarin da ya sani, yau ba gobe ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare masu ita.